Sunan kamfani a allo ba shi ne ingancin fetur ba

Abin takaici ne a ce mai mota yana biyan kuɗin fetur lita-lita, ba a yafe masa ko ɗigo, amma ba shi da hanyar sanin abin da aka ɗura masa. An bar direbobi suna ta gardama: man wannan kamfani ya fi daɗewa a tanki, na wancan yana kashe filogi. Masu sayar da man kuwa wannan gardamar ta yi musu daɗi, domin muddin hankalin mutane yana kan allo da fenti, babu mai tambayarsu abin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa.

Fetur daga matata yake fitowa, ya bi bututu ko jirgin ruwa zuwa daffo, a tara shi a manyan tankuna. Tankokin kamfanoni daban-daban a daffo ɗaya suke layi, sau da yawa ma daga tanki ɗaya suke lodi. Bambancin yana shiga ne a lokacin lodin, inda ake tsiyaya sinadarin wanke inji na kowane kamfani a cikin man, kuma yawanci bai kai lita 1 a cikin lita 1,000 ba. Duk tallan da ake cika mana kunne da shi, a kan wannan ɗan abin ya tsaya.

Ƙanƙantarsa ba ta sa ya zama banza ba. Fetur yana barin dauɗa a bakin injekta, wato abin da ke fesa mai cikin inji, da bayan bawul ɗin shigar iska. Ramukan injekta ƙanana ne ƙwarai, da zarar dauɗa ta fara toshe su sai man ya daina fita kamar feshi, ya koma tsartuwa. Daga nan silo ya lalace, mota ta riƙa karkarwa a tsaye, ta yi nauyi in an taka totur, shan mai ya ƙaru. Shi ya sa tun 1995 hukumar kare muhalli ta Amurka ta wajabta sa wannan sinadari a duk fetur ɗin da ake sayarwa a ƙasar. Masu ƙera motoci suka ga mafi ƙarancin da doka ta yanka bai wadatar ba, sai BMW da General Motors da Honda da Toyota suka fito da nasu ma'aunin da ya fi na doka tsauri, mai suna Top Tier, a 2004. A 2016 ƙungiyar masu motoci ta AAA ta gwada iri biyun a inji na tafiyar mil 4,000, ta samu man da bai cika wannan ma'auni ba ya bar dauɗa a kan bawul ninki 19. To tunda an san haka, me ya hana kowane gidan mai a duniya ya rubuta a jikin famfo ko mansa yana da sinadarin, kuma nawa? Sai dai a yi ta ba shi sunaye masu daɗin ji, ba adadi ko ɗaya.

Amma ɓarnar da ta fi ƙona rai ba daga kamfani take tasowa ba, daga gidan man ne da kansa. Gidaje biyu masu suna ɗaya da fenti ɗaya, ɗaya mansa tas, ɗaya kuma laka da ruwa. Tankin ƙarƙashin ƙasa yana tara ruwa ta hanyoyin da kowa a sana'ar ya sani: murfin da robarsa ta mutu ruwan sama ya bi ta nan, raɓar da ke taruwa a cikin tankin da ya daɗe rabi, ko tsatsar da ta huda ƙarfe. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasa tare da tsatsa. Gano shi ba wuya. Akwai wani man shafawa da ake goga wa ƙarshen sandar awo, a zura ta har ƙasan tanki, in ta taɓa ruwa launinsa ya sauya, a ga iya inda ruwan ya kai. Aikin minti 5 ne. Gidan man da ya kasa yin wannan kullum, da kuma bayan kowace saukar tanka, sakaci ne tsagwaronsa, kuma mai mota ne zai biya kuɗin sakacin a gareji.

Inda ake gauraya fetur da itanol (wani nau'in barasa da ake amfani da shi a matsayin mai) kashi 10 cikin 100 abin ya fi muni. Itanol yana jan ruwa. Idan ruwan ya kai wajen rabin kashi 1 cikin 100, wato kamar kwatan lita a tankin mota mai lita 50, sai itanol ɗin ya rabu da fetur ya bi ruwan zuwa ƙasa. Na ƙasan ba ya ƙonewa yadda ya kamata, na saman kuma oktan ɗinsa, wato juriyarsa ga matsi a cikin inji, ya faɗi. Famfon man mota daga ƙasan tanki yake zuƙa, saboda haka gurɓataccen ne zai fara isa inji. Mota ta bar gidan mai lafiya, ta yi 'yar tafiya kaɗan ta fara fizga, ta mutu a tsakiyar titi. Sai sauke tanki, wanke shi, sauya filta, wani lokaci har da famfon. Wa zai biya? Wanda aka cuta.

Kowane famfon gidan mai yana da filta a ciki, yawanci mai tace abin da ya kai maikiron 10, wato kashi 1 cikin 100 na milimita. In ka ga famfo yana zuba mai a hankali kamar ba ya so, galibi filtar ce ta toshe ba a sauya ba. Wasu marasa tsoron Allah cire ta suke yi gaba ɗaya don layi ya yi sauri, dattin ya wuce kai tsaye cikin motocin mutane.

Sai algus, wanda shi zalunci ne da gangan. A zuba kananzir ko wani mai mai araha a cikin fetur don ya yi auki. Oktan ya sauka, man ya riƙa kamawa da wuta kafin lokacinsa, inji ya yi ta ƙwanƙwasa in an hau tudu. Motocin zamani suna da na'urar da ke jin wannan ƙarar, sai kwamfutar mota ta jinkirta tartsatsin filogi don ta ceci fistin. Direba ba zai ji komai ba, illa ƙarfi ya ragu kuma mai ya riƙa zurarewa. Kama wannan ma abu ne mai sauƙi ga hukumar da ta ga dama: a ma'aunin Turai na EN 228 nauyin fetur yana tsakanin kilo 720 da 775 a kowace lita 1,000 a zafin digiri 15, kananzir kuwa yana wajen 800. 'Yar na'urar gilashi mai auna nauyi da ake tsomawa a cikin man tana iya nuna an taɓa shi idan algus ɗin ya yi yawa. Wannan ma'aunin ya kuma taƙaita farar wuta a kashi 10 cikin miliyan, domin yawanta yana kashe katalis, wato na'urar tace hayaƙi da ke cikin salansa.

Wata cutar kuma ita ce tura wa mutane mai mai oktan sama da abin da motarsu take buƙata. Oktan ba ƙarfi ba ne, juriyar man ce ga matsi kafin ya kama da wuta. Motar da littafinta ya ce 91 ba za ta ƙara gudu da 98 ba. A kula kuma da lambobin: 87 na famfunan Amurka da Kanada kusan daidai yake da 91 zuwa 92 a lissafin da yawancin ƙasashe suke bi.

Kafin masu alhakin su farka, mai mota ya kare kansa. Sha mai a inda ciniki yake gudu, don man da ya yi watanni a tanki yana yin danƙo. Kada ka sha lokacin da tanka take sauke kaya, domin a lokacin ake dama lakar ƙasa. Karɓi rasit ka adana. In ka yi zargi, ɗebi man a kwalba mai haske, nesa da wuta, ka ajiye minti 15: ruwa zai kwanta a ƙasa, ko ka ga man ya yi hazo. Ɗiga kaɗan a farar takarda, fetur mai kyau zai bushe ba tabo, mai kananzir ko dizal zai bar maiƙo. In kuma kwatanta gidaje biyu kake so, cika tanki fal, rubuta kilomita, ka maimaita sau 3 ko 4 a hanya iri ɗaya, don cunkoso da iskar taya suna iya ɓata lissafin tanki guda.

Duk da haka bai kamata direba ya zama shi ne mai gwajin mai ba. Kamfanin da ya yarda aka kafa sunansa a gidan mai, shi ya kamata ya ɗauki nauyin abin da ke fita daga famfon. A tilasta wa kowane gida ya manna ranar da aka auna ruwan tanki da ranar da aka sauya filta a inda mai saye zai gani, hukuma ta riƙa ɗiban samfur ba sanarwa, wanda aka kama kuma ya biya gyaran duk motar da mansa ya lalata kafin a sake buɗe masa famfo.