Malamin gwamnati a Amurka ba da bakinsa yake magana a aji ba

Da zarar an ce wani malami a Amurka ya soki Kiristanci a gaban ɗalibai, sai ka ji an yi caa: ai ƙasar 'yancin faɗar albarkacin baki ce. 'Yancin yana nan, amma ba ya bin malami har gaban allo yadda ake zato, kuma a ganina hakan ne daidai.

Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita ta James Corbett ce, malamin tarihin Turai a sakandaren Capistrano Valley da ke Kalifoniya. A Disambar 2007 wani ɗalibinsa Kirista ya maka shi a kotu kan zargin keta tsarin mulkin da ya hana gwamnati fifita addini ko ƙasƙantar da shi, bayan ya riƙa naɗar darussansa a rikoda. Kalamai kusan ashirin aka baje wa alƙali James Selna. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne cewar da ya yi in mutum ya sa tabaran Yesu ba ya ganin gaskiya. A Mayun 2009 alƙalin ya wanke shi a kan wannan, domin maganar ta fito ne ana tsakiyar darasi kan manoman da suka ƙi goyon bayan gyare-gyaren Sarki Joseph na Biyu na Austiriya saboda addini, alhali gyaran su zai amfana. Magana ɗaya tak ta kama shi, inda ya kira aƙidar halitta, wato imani da cewa Ubangiji ya halicci komai kai tsaye kamar yadda Baibul ya faɗa, camfi da shirmen addini. Wannan kam alƙali bai ga darasin da take yi wa hidima ba.

Masu cewa Corbett ya yi nasara, rabin labari suke bayarwa. A Agustan 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta tara ta soke wancan hukuncin, amma ba ta ce ya yi daidai ba. Cewa ta yi babu wani hukunci a baya da ya shata layin ƙarara, don haka ba za a kama ma'aikaci da keta iyakar da ba a taɓa nuna masa ba. Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren ƙarar a 2012. Ya dai tsira, tambayar kuma tana nan.

Asalin abin: malamin makarantar gwamnati, a lokacin darasi, bakin gwamnati ne. Yaran da ke gabansa doka ce ta tilasta musu zama, kuma makinsu yana hannunsa. Tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Garcetti ta 2006 aka tsayar cewa abin da ma'aikacin gwamnati ya faɗa a bakin aikinsa ba ya samun kariyar da ɗan ƙasa ke da ita a kan titi. Kuma sandar ba ta zaɓen gefe. Wata ɗaya bayan hukuncin Corbett na Agustan 2011, kotun ɗaukaka ƙarar nan dai ta goyi bayan hukumar makarantun Poway da ta sa Bradley Johnson, malamin lissafi, ya sauke manyan kyallayen ambaton Ubangiji da ya shekara da shekaru yana rataye da su a aji. Wanda ya yi murna da wannan, ba shi da bakin kuka in an ja kunnen mai ba'a.

To, me ya rage wa malami? Da yawa. Zai koyar da yadda aka sayar da takardun yafe zunubi har Martin Luther ya yi tawaye a 1517, da shari'ar Galileo a 1633, ba tare da ya sassauta ko kalma ba. Inda ake zamewa shi ne wajen jingina magana. "Voltaire ya zargi coci da kaza" darasi ne. "Coci kaza ne" hukuncin malami ne. Sai barkwanci, wanda shi ya fi cin mutane: a aji an yi dariya an wuce, a takardar kotu jimla ce tsirara, babu murya, babu abin da ya gabace ta. Malami mai wayo yana ajiye tsarin darasinsa a rubuce, yadda kowace magana mai zafi za a iya nuna gurbinta a manhaja, kuma ba ya auna makin yaro da ko ya yarda da shi.

Wani abu kuma ya sauya. Ma'aunin da Selna ya yi aiki da shi wajen gane ko gwamnati ta keta iyaka a harkar addini, na shari'ar Lemon ta 1971, Kotun Ƙoli ta ajiye shi a 2022 a shari'ar kocin ƙwallon nan Joseph Kennedy, mai addu'a a fili bayan an tashi wasa. Kotun ta ɗauki addu'arsa a matsayin harkar kansa, tun da ba koyarwa yake yi a lokacin ba. Malamin da ke tsaye gaban allo da ƙarfe goma na safe ba shi da wannan mafakar.