Haɗarin da sojan sama ke fuskanta tun kafin a buga gangar yaƙi

A daren 29 ga Janairun 2025 wani jirgi mai saukar ungulu na sojan Amurka, samfurin Black Hawk, ya yi karo da jirgin fasinja a saman kogin Potomac da ke Washington. Mutum 67 ne a cikin jiragen biyu, ko ɗaya bai tsira ba. Sojoji ukun da ke cikin mai saukar ungulun atisaye suka fita, ana gwada ƙwarewar matuƙiyar a tuƙin dare.

Idan aka ce aikin sojan sama yana da haɗari, yawancinmu harbin abokan gaba ke faɗo mana a rai. Amma a Yaƙin Duniya na Biyu rundunar sojan saman Amurka ta rasa kusan mutum 15,000 a haɗurran jirage cikin ƙasarta, nesa da fagen daga. Jamus ta Yamma ta mallaki jiragen yaƙi samfurin F-104 guda 916, aka yi asarar 292, matuƙa 116 suka mutu, alhali ƙasar ba ta yaƙi da kowa. Har laƙabi aka yi wa jirgin, ana kiransa mai mayar da mata zawarawa.

Wani sashe na wannan haɗari babu yadda za a yi da shi. Jirgin fasinja tashi yake, ya miƙe, ya sauka, yana kauce wa duk abin da zai wahalar da shi. Shi kuwa jirgin yaƙi wahalar ce aikinsa. Idan matuƙi ya yi juyi mai tsanani, nauyin jikinsa kan ninka har sau tara, jini ya zurare daga kai zuwa ƙafafu, ido ya rufe, wani lokaci ya suma na 'yan daƙiƙu, kuma daƙiƙun nan sun isa jirgi ya haɗu da ƙasa. A cikin gajimare ko duhun dare jikinsa kan yaudare shi, ya rantse a miƙe yake tafiya alhali jirgin ya karkata. Ga tafiya ƙasa-ƙasa don ɓoye wa na'urar hango jirage, ga jerin gwano fiffike daf da fiffike. Ko kujerar da ke cilla shi waje idan abu ya ɓaci, tana ceton rai, amma takan bar mutum da rauni a ƙashin baya.

To, sai a rage atisayen? Nan ne nake ganin ana tafka kuskure. Kwamitin da majalisar dokokin Amurka ta kafa ya fitar da rahoto a Disambar 2020, ya nuna cewa daga 2013 an rasa rayuka 224 da jirage 186 a haɗurran da ba na yaƙi ba. Cikin dalilan da ya lissafa har da ƙarancin sa'o'in tashi, da gajiyar ma'aikata, da kanikawa marasa gogewa, da kuɗin da ba ya zuwa a kan kari. Matuƙin da bai tashi sosai ba hannunsa kan yi tsatsa, ranar da injin ya mutu masa a sama kuwa ba shi da lokacin buɗe littafi. Duk gwamnatin da ta tsuke kuɗin mai da kayan gyara tana ganin ta yi tattali, da rayukan matuƙanta take biya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da kan biyo bayan faɗuwar jirgi. A yi jana'iza, a sauke tuta, a ce ƙaddara ce, sai rahoton bincike ya shige aljihun tebur da sunan sirrin tsaro. Mun yarda da ƙaddara, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sai dai ƙusar da ba a ɗaure ba wani ne bai ɗaure ta ba, kuma yaron da zai hau irin jirgin gobe yana da haƙƙin sanin abin da ya kashe na gabansa. Tsaron jiragen fasinja ya inganta ne saboda ana bayyana sakamakon bincike kowa ya ɗauki darasi.

Kuma ba masu kaki kaɗai abin ke shafa ba. A ranar 21 ga Yulin 2025 jirgin yaƙi samfurin F-7 na sojan Bangladesh ya tashi atisaye, ya faɗa kan wata makaranta a Dhaka, ya kashe sama da mutum 30, yawancinsu yara 'yan makaranta. Sansanonin da aka gina a bayan gari yau birane sun cim musu, gidaje da makarantu sun kewaye su, ana kuma ci gaba da koyon tuƙi a saman kawunan jama'a.