Sare kachalla kaɗai ba zai farfaɗo da fadamar Hadejia-Nguru ba

An sha kawo injina a sare kachalla a kogin Hadejia, damina ɗaya ko biyu ta wuce, ciyawar ta dawo kamar ba a taɓa ta ba. Laifin ba na injin ba ne. Kafin a gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin yakan cika da damina ya malale fadama, da rani kuma ya janye, ƙasa ta bushe. Bushewar nan ce take kashe kachalla. Yanzu ana sakin ruwa kusan duk shekara saboda noman rani da ruwan sha na Kano, don haka ciyawar ta samu wurin zama.

Ga abin da ya biyo baya. Kachalla ta toshe magudanai, laka ta taru a gindinta, ruwa ya karkata mashigar Marma zuwa Nguru yana cinye gonaki, alhali mutanen Gashuwa da na gabanta a kogin Komadugu Yobe suna kukan ƙarancinsa. Masunci ba ya iya kutsa kwalekwale, makiyayi ya rasa burtali da makiyaya, jan-baki kuwa ya samu maɓoya, daga nan yake sauka a kan shinkafa da dawa. Kuma wannan wuri ne da aka sa a jerin Ramsar, wato jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, tun 2000.

Tsari ba shi aka rasa ba. A 2006 jihohi shida, Filato, Bauchi, Kano, Jigawa, Yobe da Borno, sun haɗu a Damaturu suka amince da shirin kula da kogin baki ɗaya, har da asusu. Abin da ya rage shi ne Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are ta fitar da jadawalin sakin ruwa a fili, wanda zai ba fadama ambaliyarta da damina, ya bar ta ta sha iska da rani. Manoman rani na Kadawa a Kano, da suka dogara da ruwan Tiga, za su ji a jikinsu, gaskiya ne, sai a zauna da su a kan teburi ɗaya da masuntan Nguru.

Su kuma masu son a tayar da aikin madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, su dakata. Jama'are ne babban reshen da har yanzu yake kawo ambaliya yadda Allah ya tsara. A fara gyara sakin ruwan Tiga da Challawa tukuna.