Dodanni a Cikin Kwali

A wani gida da ke Tudun Wadar Kaduna, ba nesa da Kasuwar Barci ba, akwai saurayi ma'aikaci da ya jera ƙananan mutum-mutumai na roba a bangon ɗakinsa, kowanne a manne cikin kwalinsa. Kakarsa ta aika aka kira Malam bayan la'asar, shi kuwa ya dawo daga aiki ya tarar da su tsaye a kan dukiyarsa.

KAKA: Allah ya gafarta Malam, ga su nan ka gani da idonka, don kada a ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Daren jiya da aka ɗauke wuta na shigo neman ashana, sai na ga wancan na ƙarshe yana haske shi kaɗai a cikin duhu, ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakar gida da takalmi ƙafa ɗaya ba.

JIKA: Haba Hajiya Kaka, da kin jira na dawo ai da ba a wahalar da Malam ba. Wani sinadari ne ake haɗawa da robar, wanda yake shan haske da rana ya riƙa sakinsa a hankali da dare, kuma tun farkon shekarun 1980 kamfanin Remco ya yi irinsu a Amurka.

KAKA: Ka ji ko, Malam? Da rana ya yi lamo, da dare ya tashi aiki, amma mijin nan nawa yana so in yarda cewa roba ce.

MALAM: Kada mu yi gaggawar hukunci, Hajiya. Samari, gabatar mini da su ɗaya bayan ɗaya, ka fara da wannan mai baƙar alkyabba, domin na ga alamar shi ne babbansu.

JIKA: Wannan shi ne Dirakula, kamar yadda Bela Lugosi, mutumin ƙasar Hangari, ya fito da shi a fim ɗin kamfanin Universal na 1931. Da rana yana kwana a akwatin gawa, da dare ya rikiɗa jemage ya fita shan jinin mutane, kuma a labarin basarake ne mai katafaren gida a kan dutse.

MALAM: Wato maye ne, sai dai yana da sarauta.

KAKA: Shi ya sa aka daɗe ba a kama shi ba. Da talaka ne, da tuni an sa shi ya tsallake wanda ya kama.

JIKA: Yana da lagonsa, domin a littafin da aka rubuta a 1897 an ce ba ya iya kusantar tafarnuwa.

KAKA: To ai wannan ba dodo ba ne, rago ne. Wanda tafarnuwa take kora, ko ƙofar madafina ba zai iya wucewa ba. Wancan mai gashi har a goshi fa?

JIKA: Shi mutum ne kamar kowa, kyarkeci ya cije shi, daga nan ya riƙa rikiɗa cikin dare yana farauta, gari ya waye ya tashi cikin nadama. Fim ɗinsa ya fito a 1941.

KAKA: A ƙauyenmu an yi wani da ake cewa yana rikiɗa kura, kuma abin da aka yi masa shi ne aka kore shi daga gari da ganga. Ban taɓa jin wani ya sassaƙa siffarsa ya rataye a ɗakin kwanansa ba.

Malam ya gyara tabarau ya matsa kusa da na uku, wanda aka nannaɗe da tsumma tun daga kai har ƙafa, ya daɗe yana dubansa yana girgiza kai irin na wanda ya ga an ɓata aikin da ya iya.

MALAM: Wanda ya yi wa wannan bawan Allah sutura bai yi karatu ba. Shekara da shekaru ina haɗa gawa, ban taɓa ganin an yayyaga likkafani an naɗe kowane yatsa daban ba.

JIKA: Allah ya gafarta Malam, al'adar mutanen Masar ce ta zamanin Fir'aunoni. A 1922 aka gano kabarin Tutankamun, duniya ta ɗauki zancen, bayan shekara goma kuma aka yi fim a kan gawar da ta farka. Boris Karloff ne ya fito a ciki, kuma shi ne dai ya fito a matsayin wannan na kusa da shi mai shafaffen kai, wanda wani likita mai suna Firankistain ya harhaɗa da sassan gawawwaki ya sa masa lantarki ya motsa. Mutane suna kuskure su kira dodon da sunan likitan, alhali shi ba shi da suna ko a littafin da Mary Shelley ta fitar a 1818.

KAKA: Allah sarki, fiye da shekara ɗari biyu ba a yanka masa rago ba! Dole ya yi fushi da jama'a. Waɗannan ƙusoshin na wuyansa kuma ka kai shi Panteka su ɗaure masa su da kyau, don ga alama kwaskwarima aka yi masa, ba gyara ba.

MALAM: Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda dukkansu suka sandare. Ko 'yar tsanar da jikata take wasa da ita tana lanƙwasa gwiwa, waɗannan kuwa sai ka ce an kira sojoji fareti.

JIKA: Da gangan aka yi su haka, kuma a nan daɗin abin yake. Tsayin kowanne inci uku da kashi uku cikin huɗu ne, gaɓoɓi biyar kawai ke motsi, wato wuya da kafaɗu biyu da cinyoyi biyu, irin yadda kamfanin Kenner ya riƙa yin kayan wasa tun 1978. Waɗannan sababbi ne, kamfanin Super7 ne ya ƙera su, amma an kwaikwayi aikin da, har zanen kwalin an yi shi da launin wancan zamani, domin wanda ya gani ya tuna da yarinta.

KAKA: Yarintar wa? Kai da ka tashi kana tura gare-gare a layin nan, yaushe ka yi yarinta a Amurka? Sannan ka duba rashin adalci, Malam. Sabon abu an yi masa tsufan ƙarya, ya biya da dala har da kuɗin jirgi, ni kuwa da nake tsohuwa ta asali, ko kwalbar turare bai saya mini ba tun azumi.

Malam ya miƙa hannu zai ɓamɓare robar da ke kan ɗaya daga cikin kwalayen. Saurayin ya yi tsalle ya tare, abin da bai taɓa yi wa babba ba.

JIKA: Don girman Allah kada a buɗe! Darajarsa duk a rufen take. Dubi ƙaramin ramin nan da ake ratayewa a shago, ko shi ba a huda ba, kuma masu tarawa sun fi son haka. Ranar da iska ta shiga, rabin kuɗinsa ya tafi.

MALAM: To, yanzu na fahimci mas'alar, sai ka saurara. Malamai sun yi rangwame a kan 'yar tsana domin yara, saboda ya tabbata Nana A'isha ta yi wasa da irinta. Idan kayan wasa ne, sai a buɗe a miƙa wa yaran gidan nan. Idan kuwa ba a wasa da su, an dai jera su ana kallo ana share musu ƙura, to ka san abin da aka faɗa game da mala'ikun rahama da gidan da ke da mutum-mutumi.

JIKA: Ba wasa ba ne, ba kuma ado ba ne, Allah ya gafarta Malam. Jari ne, domin watarana zan sayar in ci riba.

MALAM: Madalla, ashe kayan ciniki ne. Sai ka riƙa yi musu ƙima duk shekara, ka haɗa da abin da ke asusunka, idan ya kai nisabi ka fitar da zakka, kuma ka san inda makarantata take.

Saurayin ya juya yana ƙirga kwalayen da yatsa, ko don ya sami abin cewa, sai ya tsaya cak a kan wata ƙusa da babu komai a jikinta.

JIKA: Hajiya Kaka, ina na bakwai? Ina mutumin da ba a gani, na fim ɗin 1933, mai naɗe da bandeji da baƙin tabarau?

KAKA: Kai da bakinka ka gaya mini makon jiya cewa ba a ganinsa, yanzu kuma ka zo kana tuhumata don ba ka gan shi ba?

MALAM: Wataƙila layar zanarsa ce ta fara aiki.

JIKA: Kwalin ma layar zana gare shi?

KAKA: Kwalin dai na fifita gawayi da shi, kuma ya yi kyau ƙwarai, ka ƙara sayo masu kaurinsa. Mutumin kuwa yana wurin Ummi, ta yi masa wanka da sabulu ta goya shi, ta kuma raɗa masa suna Ɗanlami tunda ranar Alhamis ta same shi.

MALAM: To, samari, a cikin su bakwai wannan kaɗai ne hukuncinsa ya warware. Hajiya, jikoki nawa suka rage a gidan?

KAKA: Shida cif, Allah ya gafarta Malam, kuma yanzu za a taso su daga Islamiyya.