Na'urar ECG ba ta tura lantarki cikin jiki

A asibitocin Kaduna ba wuya ka ga dattijo ya ɗaure fuska idan likita ya tura shi gwajin ECG, wato gwajin da ke auna lantarkin bugun zuciya, saboda yana zaton wayoyin da za a manna masa a ƙirji wuta za su ja masa. Wannan tsoro ba shi da tushe, kuma abin takaici ne ya hana mai hawan jini yin gwajin da ba ya wuce 'yan mintoci.

Na'urar ba ta saka komai a jiki, domin lantarkin daga zuciyar kanta yake fitowa. A ɗakin sama na dama cikin ɗakunan zuciya huɗu akwai wani ɗan curin ƙwayoyin halitta da ke tayar da sigina da kansa, sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan babban mutum yana hutawa, ba tare da jiran umarnin ƙwaƙwalwa ba. Siginar tana bazuwa a ɗakunan sama biyu su matse su tura jini ƙasa, sannan ta dakata a wata mahaɗa na kimanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, domin ɗakunan ƙasa su gama cika kafin su harba jini zuwa huhu da sauran sassan jiki. Daga nan zuciya ta saki, ta sake cika.

Abin da ke isowa fata daga wannan lantarki kusan milibolt 1 ne, wato batirin tocila ya ninka shi fiye da sau dubu. Shi ne maƙalai 10 da ake mannawa a fata suke ɗauka, 6 a ƙirji, 4 a hannuwa da ƙafafu, na'urar ta zana shi a takarda likita ya karanta.