Alhaji a Ramin Gawayi

Mushe, malamin makaranta, ne ya ba 'yan lakwal aikin hutu, ya ce kowa ya rubuto inda kuran, wato wutar lantarki, ke fitowa. Ɗan Auta ya dami gida da kuka har Alhaji ya kwashi iyali tun daga Maradi, ta Tawa da Agadas, sai Anu Araren kusa da Cirozerin, inda ake haƙar gawayi, wani Buzu ma'aikacin wurin ya tarbe su. Bai faɗa wa kowa ba, ashe ya cusa buhu goma a bayan mota.

Buzu: Marhaba da baƙi. Kowa ya sa hular kwano kafin mu matsa bakin rami.

Alhaji: Nawa ce?

Buzu: Aro ce, Alhaji.

Alhaji: To ba ni biyu.

Hajiya: Ni wace hula zan ɗora kan ɗaurin da na yi awa guda ina kafawa? Kuma dubi farin leshina!

Alhaji: Wa ya aike ki? Ramin gawayi na ce, ban ce gidan suna ba. (Ya leƙa.) La'ilaha! Wannan rami ai sai ya haɗiye kasuwar Maradi da rumfunanta. Wa ya ƙone itace haka? Ina 'yan gandun daji?

Buzu: Ba wanda ya ƙone. Daji ne da ƙasa ta rufe tun shekaru miliyoyi, nauyi da zafi suka mai da shi dutse. Sai a yaye ƙasar sama, motoci su kwasa.

Alhaji: Daji? A nan? Tun Abalak nake neman inuwar da zan tsaya in yi fitsari.

Ɗan Auta: Baba ka bari in rubuta. Malam, yaushe aka kafa kamfanin?

Buzu: SONICHAR, 1975.

Alhaji: Tun zamanin Kunce ake kwasa bai ƙare ba? Kai, wannan haja ce! Buhu nawa?

Buzu: Na injin ne. Ga shi can mai hayaƙi. A ƙona gawayi, ruwa ya tafasa, tururi ya juya inji, kuran ya fito.

Alhaji: Tsaya. Gawayi a ƙasa, ruwa a sama, yana tafasa?

Buzu: Haka ne.

Alhaji: Hajiya kin ji? Butar shayi ce! Na san za a rina. A ba Buzu kamfani guda, sai da ya mai da shi shayi.

Buzu: Da Bamaradi aka ba, da ya saida butar kafin ruwa ya yi zafi.

Hajiya: Wallahi ya san ka.

Ɗan Auta: Ina kuran ɗin ke zuwa?

Buzu: Agadas, Cirozerin, Arlit. Don ma'adinin uraniyom na Arlit aka gina shi tun farko.

Alhaji: Shi uraniyom me ake da shi?

Buzu: Kuran. Faransa ta daɗe tana haskaka gidajenta da irinsa.

Alhaji: An yi kuran, an haƙo dutse da shi, an kai wa Bature ya yi kuran. Mu kuma Maradi muna jiran na Katsina. Auta, rubuta wannan da babban baƙi.

Hajiya: Ni dai a ba ni ɗan ƙulli in gwada a murhu, itace ya yi tsada.

Buzu: Ɗanye ba ya girki, Hajiya, hayaƙinsa sai ya kore ki daga madafa. Sai wanda aka gasa aka rage masa hayaƙi.

Alhaji: Wa ya ce girki? A Maradi ko hayaƙin aka ƙulla a leda akwai mai saye.

Buzu: Alhaji, me ya kumbura aljihun rigarka?

Alhaji: Carbi ne.

Buzu: Carbin ya yi wa shadda baƙi har gwiwa.

Hajiya: Innalillahi! Shaddar sallah!

Alhaji: Samfur ne, don ilimin yaro. Auta, karanto abin da ka rubuta wa Mushe.

Ɗan Auta: "Kuran yana fitowa daga butar shayi. Babana ya zo da buhu goma, suna bayan mota ƙarƙashin tabarma."

Alhaji: Goge!

Ɗan Auta: Da biro na rubuta, Baba.

Buzu: Alhaji, hulunan ma biyu ne.