Akwatin ajiya da ke ɓacewa in an ɗauke wuta

Wallahi akwatin ajiyar nan da ake kira NAS ya ci min rai. Shagon hoto gare ni a Jekadafari, nan cikin Gombe, kuma hotunan bukukuwan mutane duk a cikinsa suke, kwamfuta uku ke ɗiban aiki daga wurinsa. Amma da an ɗauke wuta mun tayar da janareta, sai kwamfuta ta ce ba ta gan shi ba. Ga shi a gabana, fitila kore, fanka na juyawa.

Ran Asabar wata Hajiya ta zo karɓar hotunan bikin 'yarta, ta zauna kusan awa guda. "Ɗana, ko in dawo gobe?" Kunya ta rufe ni. Na canza wayar da ke haɗa shi, na busa ƙurar da ta cika ramin da ake cusa ta, na kashe na kunna, shiru.

Ashe matsalar rawuta ce, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin da akwatin. Duk sanda ta tashi sai ta sake raba lambobin IP, wato adireshin da ake gane kowace na'ura da shi, akwatin da jiya yake 192.168.1.20 yau ya koma wata lamba, kwamfuta kuwa tana can tana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Sai da na shiga saitin rawutar na ɗaure masa lamba guda, sannan aka zauna lafiya.

Aikin minti biyar ne fa! Wanda ya haɗa min ya karɓi kuɗinsa cif, bai yi ba, bai kuma faɗa min ba. Wata uku ina ba mutane haƙuri.